Tsane-Gumi Ko Sha-Gumi? Bayani Kan Rigar Roba Ta Masu Hawan Dutse

A hutun da aka ba ɗaliban jami'o'in ƙasar nan saboda zaɓen shekarar 2023, na tafi gida Minna. Da zaman ya ishe mu, sai ni da abokaina uku muka shirya hawa Dutsen Paida, wato jerin duwatsun nan da ke bayan gari, inda al'ummar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suka zauna tun kafin layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya jawo mutane su cika filin da ke ƙasa. Farkon watan Maris ne, kuma duk wanda ya taɓa yin bazara a Minna ya san abin da hakan ke nufi. Mun yi niyyar sammako, amma jiran wane da wane ya sa ba mu kama hanya ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Ni farar rigar auduga na sa, irin mai gajeren hannun nan da samari ke kira tishat. Ɗaya daga cikinmu kuwa wata shuɗiyar riga ya sa mai santsi, marar nauyi, wadda ya tsinta a dilar gwanjo a Kasuwar Kure. Tun daga gindin dutse yake yi mana burga da ita, wai irinta ce Turawa masu yawon dawa ke sawa, kuma wai wanda duk ya sa ta ba ya gumi. Kafin mu kai rabin hawa tawa rigar ta jiƙe sharkaf, ta manne mini a baya kamar an shafa mata ƙaro, shi kuwa tasa tana nan a bushe. Har na fara lissafin nawa zan rage daga guzurin makaranta in sayi irinta.

A wajen saukowa ne labari ya sha bamban. Mai shuɗiyar riga ya fara jan ƙafa, ya ce kansa na sarawa, can sai jiri ya ɗebe shi ya zauna dirshan a kan dutse, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Muka ja shi inuwa, muka juye masa sauran fiya-watan da ke jakarmu, rabi a baki rabi a ka, muka yi ta yi masa fifita da hula har Allah ya sa ya dawo hayyacinsa. Da muka bincika, ashe tun fitowarmu leda ɗaya tak ya sha, alhali kowannenmu ya sha uku ko huɗu. Dalilinsa shi ne, ai shi bai yi gumi ba, to ruwan me zai mayar?

Wannan magana tasa ce ta tsaya mini a rai. Na tambayi 'yan gwanjo, na tambayi wani ɗan'uwana da ke karatun kimiyya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa. Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen riga? Abin da ya haɗa mu shi ne suna. A kasuwa na ji ana ce mata rigar roba, wasu su ce jesi, wasu su ce mai shan gumi, wasu ma su ce marar gumi. Abokin nawa sunan ƙarshen nan ya riƙe, kuma shi ya kusa ja masa. Kafin mu yi gardamar sunan da ya dace da ita, ya kamata mu fara sanin aikin da take yi.

Gumi da aikinsa

Jikin ɗan Adam yana son zama a kan zafi na digiri 37 a ma'aunin salshiyos. Idan mutum yana aikin ƙarfi, kamar noma ko hawan dutse, tsokarsa na haifar da zafi mai yawa wanda dole a fitar da shi. In iskar waje ta fi fata sanyi, wani kaso na zafin yakan fita da kansa. To amma a Minna, a watan Maris da Afrilu, zafin rana yakan kai digiri 37 har zuwa 40, wato iskar ma ta fi fatar mutum zafi. A irin wannan hali hanya ɗaya ce ta rage wa jiki, ita ce gumi. Akwai 'yan ƙananan mafitar gumi tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4 a fatar mutum, kuma mai aikin ƙarfi a cikin rana yana iya fitar da lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda, kwatankwacin ledar fiya-wata biyu ke nan.

Sai dai abin lura a nan shi ne, fitowar gumi kaɗai ba ta sanyaya jiki. Sanyi yana samuwa ne a lokacin da gumin ke bushewa, wato yake zama tururi ya bi iska, domin ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake kwance a kai. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe a kan fata tana tafiya da zafi kimanin kilokalori 580, wanda ya isa ya ɗauki ruwa lita 7 daga sanyinsa na randa ya kai shi bakin tafasa. Gumin da ya ɗiga ƙasa ko aka share da hankici kuwa asara ce, jiki ya yi hasarar ruwa bai sami sanyi ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan, ko da bai ba shi sunan kimiyya ba. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Saboda randa tana naso, ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓun, iska ta busar da shi, bushewar ta ja zafin ruwan da ke ciki. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakanin tukwanen biyu domin adana tumatir da alayyafo, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kanta. To mutum ma randa ne, fatarsa ce yumɓun, riga kuwa abin da aka lulluɓe randar da shi ne. Tambayar ita ce, wane lulluɓi ne zai bar iska ta yi aikinta?

Auduga da foliyesta

Zaren auduga mashayin ruwa ne. Yana jan ruwa ya shigar da shi cikin jikinsa, ya kumbura, ya riƙe. Ko rigar audugar da muke gani a bushe, in aka auna giram 100 nata za a tarar da ruwa kimanin giram 7 zuwa 8 a ciki wanda ta tsotsa daga iska. Zaren foliyesta, wanda da shi ake yin yawancin waɗannan riguna, bai riƙe ko rabin giram ba. Nailan yana tsakani, wajen giram 4. Dalili kuwa foliyesta ɗan man fetur ne, kuma dangin robar da ake yin gorar ruwa da ita ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda haka ne ma kamfanin Nike ya iya narkar da tsofaffin gorunan ruwa ya yi wa wasu ƙasashe jesin gasar cin kofin duniya ta 2010 da su. Ashe wanda ya fara cewa rigar roba bai yi ƙarya ba.

To in zaren ba ya shan ruwa, ina gumin ke zuwa? A nan ne Turawa suka ɗauko sunan rigar daga kalmarsu ta lagwani. Duk wanda ya taɓa karatu da fitilar ƙwai ko aci-balbal ya ga yadda kananzir ke barin gindin fitila ya hau sama ya iske wuta, ba tare da an tura shi ba. Yana bin 'yan siraran kafofin da ke tsakanin zare da zare ne, kuma gwargwadon ƙanƙantar kafa gwargwadon ƙarfin da take jan ruwa da shi. Haka ake son wannan riga ta yi da gumi, ta ɗauke shi daga fata, ta bi da shi ta tsakanin zaruruwa, ta fito da shi bayan riga ta baza shi a fili mai faɗi domin iska ta same shi da wuri. Abin dariya, lagwanin fitilar shi kansa na auduga ne. Auduga ma tana jan ruwa, matsalarta dai ita ce rowa, in ta ja ba ta saki da wuri, kuma in zarenta ya kumbura sai ya toshe kafofin da iska za ta bi.

Ba kowace rigar foliyesta ce ke wannan aiki ba, kuma a nan ne ake cutar masu saye. Foliyesta zalla gudun ruwa yake yi, kamar ganyen gwaza. Kafin ya zama lagwani sai an yi masa dabaru. Akan fitar da zaren da kwari-kwari a jikinsa, maimakon mulmulalle, yadda ruwa zai sami magudana. Akan kuma saƙa yadin da fuska biyu, ta ciki da zare mai kauri irin abawa, ta waje da siririn zare, don ƙananan kafofin waje su riƙa fizgo ruwa daga manyan kafofin ciki. Bugu da ƙari akan jiƙa yadin da wani sinadari da ke sa fuskar zaren ta karɓi ruwa. Rigar da ba a yi wa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, irin jabun jesin Chelsea da Arsenal da suka cika Mobil da Kpakungu, wadda ake manna mata ƙaton tambarin roba a ƙirji, leda ce kawai mutum ya sa a jikinsa. Gumin ba ya shiga zare, ba ya fita waje, sai ya yi ta gangarowa cikin wando.

Tarihin abin bai da tsawo. Wasu Turawan Birtaniya biyu, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, suka samar da zaren foliyesta a shekarar 1941, aka sayar da shi da sunan Terylene. Ya daɗe yana da baƙin jini a ƙasashe masu zafi saboda dalilin da na faɗa yanzu. Sai a 1986 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da zare mai magudana da ya kira Coolmax, Nike ya biyo baya da Dri-FIT a farkon shekarun 1990, sannan a 1996 wani matashi mai suna Kevin Plank, wanda ya gaji da canza jiƙaƙƙiyar rigar auduga a filin wasa, ya kafa kamfanin Under Armour. A yau fiye da rabin zaren da ake sarrafawa a duniya foliyesta ne. Mu kuwa da muke da audugar Funtuwa da Gusau, masaƙunmu na Kaduna irin su KTL da UNTL sun durƙushe a shekarun 2000, sai ga shi ta hanyar dilar gwanjo muke saduwa da wannan fasaha, bayan wani ya sa ya gaji.

Bazara da damina ba ɗaya ba ne

Yanzu sai mu koma kan abokina. Gumi ya yi, kamar yadda kowa ya yi, watakila ma fiye. A farkon Maris iskar Minna ba ta rabu da bushewar hunturu ba, ga iska tana kaɗawa a kan dutse, saboda haka duk gumin da rigar ta fito da shi nan take yake bushewa. Ni jiƙaƙƙiyar rigata tana tuna mini cewa ruwa na fita daga jikina, shi kuwa tasa ta ɓoye masa shaida. Akwai kuma wani abu da ban sani ba sai daga baya. Gumin da ya bushe a bayan riga ba duka zafinsa yake ɗiba daga fata ba, wani daga iskar waje yake ɗiba. Ke nan a busasshen zafi, jiƙaƙƙiyar auduga da ke manne da jiki, duk da rashin daɗinta, aikin jiƙaƙƙen buhun da ake naɗa wa randa take yi. Shi ya sa har gobe wasu masu tafiya cikin hamada suka fi son auduga.

Masana ma sun gwada. A shekarar 2001 wani mai bincike a Amurka, Timothy Gavin, tare da abokan aikinsa, sun sa mutane gudu a ɗaki mai zafin digiri 30, wani lokaci da rigar auduga, wani lokaci da ta roba, suka auna zafin jikinsu. Ba su sami wani bambanci ba. Rigar ta fi sauƙin nauyi, ta fi saurin bushewa, ba ta goge fata ta yi ciwo kamar jiƙaƙƙiyar auduga, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga mai tafiyar awa biyar da jaka a baya. Amma masu talla da ke nuna ta kamar na'urar sanyaya ɗaki sun ƙara gishiri.

A watan Agusta na wannan shekarar muka sake fita, wannan karon zuwa mafaɗar ruwa ta Gurara da ke kan hanyar Suleja, kuma na sa irin rigar, don an ce gani ya kori ji. A tsakiyar damina laimar iskar wannan yanki takan haura kashi 80 cikin ɗari. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar wani, shi ya sa shanya ke kwana biyu a igiya, shi ya sa kuma ruwan randa ba ya sanyi da damina kamar yadda yake yi da rani. Rannan kowa ya jiƙe, mai auduga da mai roba. Bambancin ya fito ne bayan yayyafi ya same mu a hanya. Kafin mu iso Minna tawa ta bushe a jikina, masu auduga kuwa suna ta rawar ɗari a cikin mota. A ganina wannan ne babban amfaninta a wurinmu, wato damina da tafiyar kwanaki, inda mutum zai wanke riga da magariba ya sa ta da asuba. Waɗanda za su shiga sansanin masu yi wa ƙasa hidima, ko a Paiko ko a wani wuri, inda ake fareti da farar riga safe da yamma, za su gane abin da nake nufi.

Ɗinki ma yana da nasa tasiri, har ina jin ya fi na zare. A 1980 wasu masana suka buga wani bincike a mujallar Nature a kan dalilin da ya sa Larabawan ƙauye na hamadar Sinai ke sa baƙar riga a tsakiyar rana. Suka gano cewa zafin da ke isa fatar mai baƙar riga da mai fara duk ɗaya ne, muddin rigar mai yalwa ce, domin iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta wuya tana kwashe zafin. Duk wanda ya ga Buzu da baƙin rawani, ko ya ga manomi da 'yar shara wadda gefenta ke buɗe, ya ga wannan binciken yana tafiya da ƙafafunsa. Saboda haka rigar roba da ta ɗame jiki, in baƙa ce, ba abin shiga ranar Minna ba ce. A nemi mai haske, mai ɗan yalwa. Haka kuma masu sa ta a ƙarƙashin shadda mai sitaci a madadin singileti su sani ba su tsinana komai ba, lagwanin ya kawo gumi bakin ƙofa ya tarar an rufe. 'Yan'uwa mata ma abin ya shafe su, tunda yawancin yadin hijabi na kasuwa roba ne marar magudana, ko da yake tun 2017 Nike ya fitar da hijabin 'yan wasa da aka yi da yadi mai 'yan huji-huji.

Aibobinta

Kowane allazi da nasa amanu. Na farko wari. Gumi shi kansa ba ya wari, ƙwayoyin cuta ne ke cin maiƙon da ke tare da shi su fitar da ɗoyi, kuma foliyesta da ke gudun ruwa son maiƙo yake yi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam suka karɓi rigunan mutum 26 bayan sun yi tseren keke na motsa jiki, suka ajiye su kwana guda, sannan aka sansana. Na foliyesta suka fi na auduga wari nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa zama kusa da mai tsohuwar jesi a cikin Keke Napep da azahar ba ya buƙatar zuwa Beljiyam.

Na biyu wuta, kuma wannan ya fi na farko haɗari. Auduga in ta kama wuta ci take yi ta zama toka, foliyesta kuwa narkewa yake yi a wajen digiri 250, ya manne wa fata kamar ɗanyen kwalta. A 2006 rundunar sojan ruwan Amurka da ke Iraƙi ta hana dakarunta sa irin waɗannan riguna idan za su fita sintiri, saboda munin ƙunar da likitoci suka gani. Mai suya, da mai walda, da mai tuyar ƙosai, da ɗalibar da ke girki a kan risho a ɗakin kwana, duk su yi nesa da ita a bakin aiki. Ni ma na yi asarar tawa ta farko ne a hannun wani mai wanki da guga, wanda ya ɗora mata dutsen guga na gawayi ya mayar mini da ita da taga a kafaɗa.

Wankinta ma sai da lura. Sabulun sanda yana barin dasƙarewa a tsakanin zare ya toshe magudanan, haka ma ruwan ƙamshin nan da ake zubawa don tausasa tufafi. Omo kaɗan da ruwan sanyi da ɗauraya mai kyau sun isa, kuma ba ta son guga. Sinadarin da aka jiƙa ta da shi yana raguwa da yawan wanki, wanda hakan ke nufin ta gwanjo mai yiwuwa ta bar rabin ƙarfinta a Turai. Sannan duk wanki tana zubar da 'yan ƙananan zaruruwan roba da ido ba ya gani, waɗanda ba sa ruɓewa. Wani bincike na Jami'ar Plymouth ta Ingila a 2016 ya ƙiyasta cewa wankin inji na kilo 6 na tufafin foliyesta yana iya sakin zare kusan 500,000. Namu ruwan wankin kwata yake bi, kwata kuwa Kogin Chanchaga ta nufa.

Wanda zai saya, ga gwajin da wani ɗan gwanjo ya koya mini, kuma ba ya cin ko kwabo. A juya rigar, a ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a cikinta. In nan da nan ya bazu ya ɓullo ta waje, to ta ƙwarai ce. In ya tsaya ya dunƙule yana ƙyalli, a mayar masa da abarsa, komai kyan tambarin da ke jiki. Kuma ko wace iri mutum ya sa, a sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama, a riƙa duba launin fitsari, in ya yi duhu jiki na neman ruwa. In wani ya fara jiri ko tashin zuciya a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. In magana ta fara rikice masa, sai asibiti ba tare da jira ba. Zafin da aka sha a yankin nan cikin azumin 2024, lokacin da ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali ranar 3 ga Afrilu, ya isa ya nuna cewa wannan ba zancen 'yan yawon shaƙatawa kaɗai ba ne. Masu jesin da suka fi yawa a Minna ai 'yan ga-ruwa ne da lebura da manoman doya.

To wane suna?

Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fage. Ruwan jikin kansa suna uku gare shi, gumi da zufa da jiɓi, Sakkwatawa su ce zuffa. Riguna kuwa akwai taguwa da jamfa da 'yar shara da kaftani, ga na aro irin su singileti da shimi da suwaita. Idan sabon abu ya zo, mun san hanyoyin da harshe ke bi. Ko ya ari kalmar ya gyara mata zama, kamar jesi da tishat, ko ya mayar da sunan kamfani sunan abu, kamar omo da makilin da yadin toyobo, ko ya faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar yadda leda, wadda aka aro daga kalmar Ingilishi mai nufin fata, ta koma sunan jakar roba. Ko kuma ya ƙirƙiri harɗaɗɗen suna.

Rigar roba ya faɗi abin da aka yi ta da shi, amma ya haɗa ta ƙwarai da jabu a kwando ɗaya, har da rigar ruwan sama. Jesi ta 'yan ƙwallo ce. Marar gumi ƙarya ce tsagwaronta, kuma na ga abin da ta haifar a kan Dutsen Paida. Mai shan gumi kuwa, wanda ya fi kowanne daɗin faɗa, juya gaskiya ya yi, domin auduga ce ke sha, wannan miƙawa take yi. Na so in ce rigar naso, tunda naso shi ne ainihin aikin da randa ke yi, sai wata 'yar ajinmu ta tuna mini cewa ba wanda zai sayi riga mai wannan suna, don naso a wurin mai tufafi aibi ne, tabo yake tunawa. Ta yi gaskiya. Riga mai lagwani kuma sai an bi ta da dogon sharhi.

Abin da na tsaya a kai shi ne tsane-gumi, a bisa tsarin aikatau da suna da muka karanta a darasin ƙirar kalma, irin na hana-salla da dafa-duka da sha-raɓa da ɓata-gari, inda karin sautin aikatau ke sauka ƙasa. Tsanewa ita ce ruwa ya janye daga abu a hankali ba tare da an matse shi ba, kamar shinkafa a matsami ko ƙasa bayan ruwan sama, kuma kalmar tana ɗauke da shaidar cewa ruwan ya fita, ba wai babu shi ba ne tun farko. Ina sane da cewa wasu za su ce tsane ya fi zama a bakin Bahaushe ba tare da karɓau ba, wato abu ne ke tsanewa da kansa, amma ai mukan ji an ce tsane jikinka da tawul. Masu ganin akasin haka, shafin wannan mujalla a buɗe yake.

A hutun da ya wuce na koma Kasuwar Kure wurin ɗan gwanjon nan da ya koya mini gwajin ɗigon ruwa, na ce masa, “Alhaji, akwai tsane-gumi?” Ya dube ni ya ce, “Wacce ke nan, ɗan makaranta?” Na yi masa bayani. Ya yi dariya, ya juya wajen yaronsa ya ce, “Kai, ɗauko masa sulɓin nan ta ƙasan dila, mai saurin bushewa.” Na biya na karɓa, na kuma rubuta sulɓi a bayan littafina.